Ni Nake Tsinke Maɓallan Gidanmu

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. An kama ni dumu-dumu da reza a hannu. Kada gabanki ya faɗi, ban yanka kowa ba sai zare. Amma kwana goma sha ɗaya suka rage wata ya ƙare, kuma in ban samu mafita ba, za a ɗauke mana tsohon da na sha wuya kafin na ga haƙoransa a waje. Ki yi haƙuri da ni, zancena dogo ne, haka Allah ya yi ni.

Mahaifin mijina ya yi shekara talatin da ɗaya yana shugabantar makarantar firamare. Har gobe mutanen gari Hedimasta suke ce masa, mu kuma a gida Baba. Irin mutumin nan ne da in ya shigo ɗaki sai kin duba ko wuyan rigarki a daidai yake. Shekara biyu da suka wuce Mama ta rasu. Bayan wata huɗu shi kuma ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Da aka sallame shi daga asibiti, 'ya'yansa suka yanke shawarar ya dawo wajenmu, tunda gidanmu ne kaɗai ba hawan bene. Babbar yayar mijina, wadda kowa ke kira Yaya har da mijinta, ta tara mu a falo ta kafa doka: Baba ya gama wahalarsa a duniya, daga yau ko kofi ba zai ƙara ɗagawa ba sai dai in baki zai kai.

Muka bi dokar nan sau da ƙafa. In ya miƙa hannu zai ɗauki jarida, mutum biyu sun riga shi. In ya sunkuya zai gyara takalmi, an durƙusa an gyara. Lemo a ɓare ake kawo masa, an cire 'ya'yan, an jera a faranti. Ƙashi ya warke, amma mutumin sai ya riƙa dusashewa a gabanmu. Ya daina magana sai "to" da "madalla". Ya daina aske gemu sai an tuna masa. Zai zauna a kujerar falo tun safe yana kallon kalandar bango, wadda ko shafin watan ba a juya ba, kuma da can shi ne mutumin da zai yi faɗa a kan haka. Likita ya auna komai ya ce jiki lafiya lau. Muka ƙara yawan hidima, shi kuma ya ƙara yin shiru.

Ni ina aiki ne a kantin tabarau, ina daidaita gilashi da gyaran ƙafafunsa. Wata safiya na makara, siririyar sarƙar wuyana kuma ta cukurkuɗe ta zama dunƙule guda. Na yi ta fama har raina ya ɓaci, na wurgar da ita a kan teburin da ke gefen Baba na fice. Da na dawo da yamma sai na tarar da ita a miƙe sambal a kan farin hankici, ga allura biyu a gefe da ya yi aikin da su. Ko zama ban yi ba ya ɗago kai ya yi mini faɗa, wai mace babba ba ta ajiye kaya da tsari, wai sarƙa rataye ta ake yi. Sannan ya ce a ƙaro masa shayi. Gwaggo, wata bakwai rabon da ya nemi wani abu da bakinsa. Na shige kicin na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, don murnar an yi mini faɗa.

Daga nan shaiɗanin dabara ya shige ni. Washegari na kwance igiyar shanya na ƙuƙƙulle ta, na ajiye a teburin nan ina ƙorafi da ƙarfi kamar da gaske. Kafin azahar ya warware ta ya naɗe. Kwana ɗaya bayan haka na hargitsa safar gidan duka a kwando ɗaya. Sai na koma kan fensiran 'yarmu, wadda muke kira Aku saboda surutu, ina karya bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na sassauta ɗan notin tabarau na mijina, aikina ne, na san inda zan taɓa. A ƙarshe na gano abin da ya fi komai karɓarsa, wato maɓalli. Ranar Litinin da Alhamis sai in shiga ɗaki in tsinke biyu ko uku daga rigunan maigida da reza, in fito ina salati ina cewa kayan zamani ba su da ƙarko. Bawan Allah mijina har injin wanki ya zarga, ya kira mai gyara ya kwance shi, mutumin ya rantse ba ruwan injin, mijina ya ce bai san aikinsa ba. Ina tsaye ina ji, ban ce uffan ba. Wannan kam Allah ya yafe mini.

Amma da kin ga abin da ya biyo baya! Baba ya sa aka fitar masa da kujera baranda, daidai inda rana take sauka da ƙarfe takwas. Ya samu wani tsohon gwangwanin madara ya mayar da shi na maɓallai, kullum sai ya girgiza shi kusa da kunne kafin ya buɗe, wai ƙarar tana yi masa daɗi. Na gyara masa gilashinsa ya zauna daram a hanci, yanzu sau ɗaya yake zira zare ya shige kafar allura, kuma duk lokacin da ya shiga sai ya waiga ya ga ko akwai wanda ya gani. Ya ƙwace gugar hankici daga hannuna, ya ce ban iya kusurwa ba. In ya ɗora dutsen guga a kan danshin yadi tururi ya tashi, sai ya lumshe ido ya shaƙa, yana waƙa ƙasa-ƙasa a maƙogwaro. Ya hana a ɓare masa lemo. Da kansa yake ferewa, ɓawon ya fito zare guda bai tsinke ba, Aku ta auna da rula, su rubuta tsawon a bayan kalandar nan da yanzu ba ta kwana ba a juya ta ba. Fensir kuwa in ya fiƙe shi sai kin ji tausayin rubutu da shi.

Zare ya ƙare masa wata rana, na ce zan sayo a hanya, ya ce ban san shuɗi ba. Ya ɗauki sanda ya taka da ƙafarsa har kantin bakin titi, karon farko da ya fita ƙofar gida ba don asibiti ba. Ya yi rabin awa yana musu da mai kanti a kan shuɗin da ya dace, ya tsaya wajen mai gyaran takalmi suka yi hira, wani direba da Baba ya taɓa koyarwa ya taka birki ya fito ya gaishe shi. Ya dawo yana haki yana dariya. Yanzu kullum sai ya fita. Ya yi ƙiba, yana aske gemunsa, yana gyara wa mai karanta labarai a rediyo kuskure. Da muka koma asibiti likita ya tambayi wane magani muka canza, na sunkuyar da kai don kada in tuntsire.

Ni ma abin ya kama ni. Shekara tara ina goge gilashi ban taɓa lura ba, yanzu in na goge na ɗaga shi a haske na ga ya fito tas, sai in ji wani sanyi a raina.

Sau biyu kawai na sha jinin jikina. Ranar da yake warware igiyar shanya karo na uku, ya ce wa iska, ba ni ba, wai duk wanda yake wannan ƙullin bahago ne, kuma ya kamata ya riƙa canza salo don kullum iri ɗaya yake yi. Na ɗauka da mutumin da ya ɗaura mana igiyar tun farko yake. Wani lokacin kuma na yanke yatsa na sa filasta, washegari sai ga shi ya dawo daga kanti da wani ɗan almakashi mai siririn baki, ya miƙo mini ya ce reza tana cin yatsa tana cin yadi. Na yi godiya, na adana shi a akwatin sarƙoƙina don shi ne kyautar farko da ya taɓa ba ni, na ci gaba da rezata tunda ita hannuna ya saba da ita.

Wata takwas muna haka. Sai ranar Asabar da ta wuce Yaya ta zo ba sanarwa. Ta tarar da mahaifinta a baranda daga shi sai singileti, yana guge hankicin ƙaninta. Ta wuto ciki tana nemana, ta turo ƙofar ɗaki, ga ni zaune a bakin gado, rigar mijina a cinya, reza a hannun hagu don ni bahaguwa ce, maɓalli uku a jere a kan zanin gado. Ta yi mini wankin babban bargo. Ta ce na mayar da ubansu ɗan wanki da guga, kuma abin bai ishe ni ba sai da na riƙa yi masa wasa da hankali kamar ƙaramin yaro. Tana faɗa tana kuka, kuma kukan ne ya fi faɗan yi mini ciwo, don na san irin son da take yi wa iyayenta. Matar da har yau sarƙar duwatsun Mama da ta tsinke a asibiti tana cikin jakarta a ambulan ɗin takarda, ta kasa ba kowa ya shirya ta. Mijina da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, Yaya ta kalle shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran, tun daga ranar kuma ya yi gum.

Hukuncin Yaya shi ne ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki Baba. Ta gyara ɗaki a ƙasa, ta ɗauki mai kula da shi, kuma ta ce in ban faɗa masa abin da nake yi ba ita za ta faɗa. Yau kwana shida ban tsinke komai ba. Jiya na gan shi zaune da gwangwaninsa a cinya bai buɗe ba, ya tambaye ni wai yanzu ba abin da ke lalacewa a gidan nan ne?

Gwaggo, gaskiya ban yi nadama ba, na dawo da mutum daga bakin rami da allura da zare, kuma ina alfahari da hakan. Tsorona ɗaya ne: in ya ji cewa duk aikin nan ni nake ƙirƙira masa, zai ji an raina shi, ya koma kujerar falo, kuma wannan karon ba sarƙar da za ta taso shi. In faɗa masa? In roƙi Yaya ta rufa mini asiri? Ko in bari a tafi da shi inda ko allura ba za a bari ya riƙe ba?

Taki,
Surukar Hedimasta

'Yata,

Kafin komai, sannu da aiki. Likita ya auna bai gani ba, 'ya'yan cikinsa sun yi hidima ba su gani ba, ke kika gani a jikin sarƙa guda. Kin yi nasara, kuma ba zan rage miki ko kaɗan daga cikinta ba.

Yanzu ki zauna da kyau ki ji abin da wasiƙarki ta faɗa mini wanda ke ba ki ji ba. Baba ya sani. Ya daɗe da sani. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gane yaron da ya kwafi aikin gida daga yanayin rubutu, shi ne zai kasa bambanta zaren da ya gaji ya tsinke da wanda reza ta yanke? Maɓallan da ba sa faɗuwa sai Litinin da Alhamis? Ya ce ƙullin na bahago ne, bahagwai nawa ne a gidanku? Ya ce a canza salo, wato ɗalibarsa yake yi wa gyara. Sannan ya taka da ƙafarsa ya sayo miki kayan aikin da ya dace don kada ki ƙara yanke yatsa ko ki ɓata rigar ɗansa, ke kuma kika kai kika kulle a akwati. Tambayar da ya yi miki jiya ma ba tambaya ba ce, cigiyar abokiyar aikinsa yake yi. Wata takwas kina rufa masa asiri, shi ma yana rufa miki. Don haka tsoron nan naki ki ajiye shi. Wanda ya ji an raina shi ba ya sayo almakashi.

Amma ba zan sallame ki da yabo kaɗai ba, akwai inda kika yi kuskure. Ba a maɓallan ba, a shirun. Kin bar mijinki cikin duhu har ya ci mutuncin mai gyaran da bai yi laifin komai ba, wannan bawan Allah yana da haƙƙin a ba shi haƙuri. Kin kuma bar Yaya ta ci karo da abin a mafi munin kamanninsa. Ki tsaya a inda ta tsaya ranar Asabar. Uban da ta tashi tana ganin ɗaruruwan yara suna miƙewa in ya shigo, ta same shi da singileti yana guga, ta shiga ciki ta ga reza. Ba ta ga safiyar sarƙa ba, ba ta ga ranar shuɗin zare ba, ba wanda ya ba ta labari. Ta rasa uwa, kuma hutu ne kaɗai abin da ta san za ta iya ba uban da ya rage mata. Dokarta ba ta yi aiki ba, amma daga ƙauna ta fito, kuma in kika je mata a matsayin wadda ta ci gasa za ki rasa ta, ki rasa Baba.

Ki fara da Baba, yau ba gobe ba, kada labarin ya iso masa daga bakin da ke cikin fushi. Ki same shi a barandarsa da safe, ki faɗa masa a taƙaice, ba dogon kuka ba dogon neman gafara. In ya yi miki faɗa, kin riga kin san faɗansa alamar lafiya ce. Sannan ki yi masa tambayar da na lura ba wanda ya yi masa tun rasuwar Mama: shi ina yake son zama, kuma me yake son yi da hannunsa? An yanke masa dawowa wajenku, an yanke masa hutu, ke kin yanke masa aiki, yanzu ana yanke masa ƙaura. Dattijo ne mai cikakken hankali, maganarsa ce ta ƙarshe. Mijinki kuma ya fito daga gum ɗin nan, ubansa ne, yayarsa ce, ba daidai ba ne ya bar ki ke kaɗai a tsakiya.

Bayan haka ki je gidan Yaya da ƙafarki, ke da mijinki. Ki ba ta haƙuri a kan ɓoyewar, da zuciya ɗaya. Kada ki ba da haƙuri a kan aikin, kuma kada ki yi musu. Ki roƙe ta abu ɗaya: kafin ƙarshen wata ta zo ta zauna da mahaifinta safiya guda a barandar nan, daga takwas zuwa goma, ta zo da ambulan ɗin da ke jakarta. Shekara biyu ta kasa ba kowa sarƙar Mama don ba ta ga hannun da ya cancanta ba. Hannun yana gidanku, yana neman aiki. Ki tanadi zare mai ƙarfi, ki kawo musu shayi, ki ja Aku ku ba su wuri. Ba na yi miki alkawarin abin da Yaya za ta ce, amma na san da wuya 'ya ta kalli mahaifinta yana shirya duwatsun mahaifiyarta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tashi ta ce a ƙwace masa allura.

In kuma bayan duk wannan Baba ya zaɓi ya je wajenta, ko ya riƙa raba kwanakinsa tsakaninku, kada ki ɗauka an kayar da ke. Sai dai a yi sharaɗi a gaban kowa cewa gwangwaninsa da dutsen gugarsa da sandarsa ƙafarsa ƙafarsu. Ki kuma kwantar wa Yaya da hankali ta inda take da gaskiya: mai karayar ƙugu ya riƙa guga a zaune, a duba wayar dutsen, a tambayi likita iyakar tafiyar da ta dace da shi.

Ɓarnar ganganci kuwa ta isa haka, ki bar fensiran yarinya su huta. Duniya cike take da abin da ya lalace da kansa. Ki faɗa wa maƙwabta biyu cewa Hedimasta yana sa maɓalli, ki tambayi makarantar Aku ko suna da littattafan da suka yayyage, ki kawo masa tabarau masu sassautaccen noti daga kantinku in mai kantin ya yarda. Cikin mako guda sai kin riƙa ba mutane layi.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyar Yaya, ya bar ku tare cikin alheri. Idan za ki je barandar, ki buɗe akwatin nan ki ɗauko almakashin, ki ajiye shi a kan teburin a gabansa kafin ki ce komai. Ina kyautata zaton shi zai riga ki dariya.

Gwaggonku